Usur ɗin jirgin Baba

Jiya muna kwance inji a bakin ruwa nan Ebute Ero ta Legas ka ce, "Maigida, wai da gaske an yi jiragen ruwa da ba sa shan fetur, wuta da ruwa kawai?" Na yi maka shiru ne don ka fama mini tsohon miki. To, saurara.

Gaskiya ne. Yadda tururi ke tura inji kuwa ba zan ɓata bakina ba, duk wanda ya taɓa ganin murfin butar mai shayi yana rawa ya gama sani. Abin da ku yaran yanzu ba ku sani ba shi ne azabar da ke gaban tukunyar. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai ba da wuta ne a jiragen kamfani masu tashi daga Burutu su haura Kwara. Kwal ɗin Inugu suke ƙonawa, in ya yanke a raɓa gaɓa a lodi itace. A Lakwaja hanya take rabuwa. Wasu su nufi Baro, inda dogo ya haɗa kogi da Kano tun 1911, wasu su shiga Binuwai, su wuce Makurɗi da Ibi da Yola har Garwa ta Kamaru. A hau da gishiri da kananzir da yadi, a sauko da gyaɗa da auduga. Binuwai kuwa sai damina ta nutsa take ba da hanya, 'yan watanni ƙalilan. Ka yi nawa, ruwa ya janye, jirgi ya zauna kan yashi da kayan mutane. Wani na tsaye a goshin jirgi da gora yana auna zurfi, shi kuma Baba idonsa na kan gilashin ruwan tukunya dare da rana, don in ruwa ya yi ƙasa ta fashe, babu mai ba da labari. Kai kuwa in na ce duba ko inji na fitar da ruwa, da ƙyar kake ɗago kai daga waya.

Yaƙin basasa na 1967 ya tsayar da zirga-zirgar, manyan motoci suka ƙarasa ta. Abin da Baba ya tsira da shi daga shekarun nan duka shi ne usur ɗin jirginsu, na tagulla zalla, tsawon kamu guda. Shi kaɗai na gada. A rumfar nan yake rataye, a ƙusar da kake sagala rigarka.

Akwai wani mai jiragen fasinja na hanyar Ikorodu, shekara uku ina yi masa aiki. Ya kawo injin Yamaha biyu, na gyara su tsaf, ya ba da rabin kuɗi. Zai tafi sai idonsa ya faɗa kan usur. Ya shafa, ya yaba, ya yi wa Baba addu'a har da ɗaga hannu. Wai in ara masa mako guda maƙeri ya kwaikwaya, zai sa a sabon jirginsa. Na sauke da hannuna na miƙa masa, ba shaida, ba rubutu. Mako ya wuce, wata ya wuce. Sau uku ina tsallaka ruwa zuwa Ikorodu, kullum wai ya fita. A na huɗu wani yaronsa ya ja ni gefe ya ce tun ranar aka kai shi Owode Onirin, kasuwar tsofaffin ƙarafa, aka ɗora a sikeli. A sikeli, ɗana! Kilo-kilo, kamar ruɓaɓɓen famfo. Kwana biyu ina tona tarin ƙarafa a kasuwar nan ina bin rumfuna, har wani dattijo ya ce in haƙura, tagulla ba ta kwana, an narkar. Da na ritsa mutumin a tasha, ko kunya babu ya ce, "Haba malam, a kan tsohon ƙarfe?"

Cikon kuɗin gyara na bar masa, ya je da shi. Usur ɗin ne ban yafe ba. Baba yakan ce in aka busa shi a kwanar Ibi, kafin jirgi ya bayyana mata sun cika gaɓa da kifi da doya. Ni ban taɓa jin muryarsa ba. Na riga na sayi tiyo zan haɗa shi da kwamfuresa in busa wa 'ya'yana ranar sallah, saura kwana tara mutumin nan ya shigo rumfata.