Saitokain: Ɗan Aike Ne Ko Yekuwa?

Wani ɗalibin likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuto da Sakkwatancinsa: "Malam, mi za mu ce ma saitokain da Hausa? Mu dai ɗan aike muka kiran shi, in muna bayanin yadda shika sa ƙwayoyin T su girma." Ƙwayoyin T dai wasu mayaƙa ne na garkuwar jiki.

Ɗana, ɗan aike bai kwanta mini ba. Shi ɗan aike gida guda ake tura shi, ya isar, ya komo da amsa. Saitokain kuwa ƙaramin furotin ne da ƙwaya ke fitarwa ya bazu a kewayenta, duk ƙwayar da ke da kunnen jinsa a jikinta ta amsa, wadda ba ta da shi ko a jikinta. Wannan ai yekuwa ce. Sankira ba ya bin gida-gida, tsayawa yake a mararraba ya ɗaga murya, mai kunne ya ji. Kuma yekuwa ta fi shela dacewa, don ita kira ce a fito, galibi ma kiran yaƙi.

"Girma" ɗin nan ma a gyara shi. Abin da ake nufi hayayyafa ne: ƙwaya ɗaya ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, har a tara runduna.

Duba IL-2, wani saitokain mai sa ƙwayoyin T hayayyafa, wanda Doris Morgan da Francis Ruscetti suka gano a ɗakin binciken Robert Gallo a Amurka a 1976. Ƙwayar T da ba ta taɓa gamuwa da abokin gabarta ba, kunnenta na jin IL-2 ɓangare biyu ne kawai, jinta sama-sama. Da ta gane ƙwayar cutar da aka halicce ta dominta, sai ta fito da ɓangare na uku, CD25, kunne ya cika, ita da kanta kuma ta shiga fitar da IL-2. Daga cikin ƙwayar wasu furotin biyu, JAK1 da JAK3, su tayar da wani mai suna STAT5, shi kuma ya kutsa cibiyar ƙwayar ya buɗe umarnin rabuwa. Shi ya sa ba kowace ƙwayar T ke hayayyafa ba, sai wadda yaƙin ya shafa. Ɗaya daga ɓangarori biyun farko kuwa, wanda ake kira gamma, da shi ake jin IL-7 da wasu yekuwowin ma, kuma yaron da aka haifa nasa a lalace kusan ba ya da ƙwayoyin T. Haka David Vetter na Texas ya rayu cikin rumfar leda don kare shi daga ƙwayoyin cuta, ya rasu a 1984 yana ɗan shekara 12.

Wata malamar jinya daga Mabera ta tambaya ko karin maganar nan, "in ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa," ya dace da wannan batu.

Malama, ma'anarsa dai duk abin da ya wuce kima yana dab da ɓaci, kuma ya dace da rabin zancen. Kun gani a lokacin korona, wasu majinyatan ambaliyar saitokain ce ta lalata musu huhu. IL-2 ɗin ma, da Amurka ta amince da shi a 1992 don cutar dajin ƙoda, in an ba da shi da yawa jijiyoyin jini kan yi yoyo, matsin jini ya faɗi.

Sai dai kada ki ɗauka maganin shi ne a yi shiru. Ɓerayen da aka cire wa IL-2 garkuwar jikinsu ba ta kwanta ba, juyowa ta yi ta far wa jikin. Dalili kuwa, akwai wasu ƙwayoyin T masu tsawatarwa, waɗanda Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 1995, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2025. Su kullum CD25 na jikinsu, ba sa yin IL-2 da kansu, da na maƙwabta suke rayuwa, suna shanye shi mayaƙan su rasa na ƙari.