Kafin Ka Saro Manyan Kafasita, Duba Layin Giraun

Tambaya: Ina haɗa ƙananan adafta masu bolt 12 da amfiya 1, ina sayar wa masu gyaran rediyo da amfilifaya. Kwanan nan ana ta dawo mini da kaya, wai sifika na ƙugi. An ba ni shawarar in bar kafasita mai mikrofarad 2,200 in koma mai 10,000, amma hakan zai ci ribata sosai. In saro?

Amsa: Malam, dakata da sarin nan tukuna, mu yi lissafi.

A wutar haz 50, bayan dayod huɗu masu mayar da wutar AC zuwa DC, kafasita, wato ma'ajiyar wutar, na cika sau 100 a daƙiƙa, tsakanin cikawa da cikawa kuma bolt na sauka. Idan ana jan amfiya 1, mai 2,200 za ta sauka da kusan bolt 4.5, mai 4,700 kusan bolt 2, mai 10,000 bolt 1. In regulatonka, wato abin da ke tsayar da bolt ɗin fita a 12, 7812 ne, yana son kada abin da ke shigarsa ya gaza bolt 14 da ɗoriya. Taransifoma mai bolt 15 na ba da kusan 20 a ƙololuwa, don haka mai 4,700 ta wadatar, har da rarar ranar da wuta ta zo da rauni. In kuwa taransifomar mai bolt 12 ce, ƙololuwarta 15.5 ne kawai, matsalar a can take, ba a kafasita ba.

Sai dai ni zargina ya fi karkata ga yadda ka shimfiɗa giraun, wato layin negatif da wuta ke komawa ta kansa. Kafasita ba a hankali take shan wuta ba, fizga take yi a ɗan ƙanƙanin lokaci, kuma fizgar na ninka amfiyar da kayan ke ja sau da yawa. Ta layin da ke tsakanin dayod da ƙafar kafasita take bi. In ka jona giraun na regulato ko na wayar fita a tsakiyar wannan layi, to da hannunka ka zuba ƙugin cikin wutar da kake sayarwa. Abin haushin ma, ƙara girman kafasita na sa fizgar ta ƙara tsanani, dayod da taransifoma su ƙara zafi. Ka kashe kuɗi, ƙugin kuma yana nan, wataƙila har ya ƙaru.

Gyaran ba ya cin komai sai dalma da ɗan lokaci. Layin dayod zuwa kafasita ya zama gajere mai kauri, kada kowa ya raɓe shi. Daga ƙafar kafasita ka fitar da mahaɗa guda, regulato da wayar fita kowanne ya zo nan da layinsa. Ka manna ƙananan kafasita, mai mikrofarad 0.33 a mashiga da mai 0.1 a mafita, dab da ƙafafun regulato. In akwatin na ƙarfe ne, ya samu wayar at, wato wayar da ke kai wuta ƙasa, wannan kam maganar rai ce, ba a yi mata tsimi.

Inda nake so ka saki hannu shi ne inganci. A bayan taransifoma mai bolt 15, sayi kafasita mai jure bolt 35, domin bolt na hawa idan ba a jona komai ba. Ka zaɓi mai jure zafin digiri 105 maimakon 85, ka nesanta ta da ƙarfen sanyaya regulato, tunda duk ragin digiri 10 na zafi kusan ninka kwananta yake yi. Araha ba ta ado, ballantana ga mai ba da garanti.

Ka ɗauki kaɗan cikin waɗanda aka dawo da su, rabi ka gyara musu giraun kawai, rabi ka gyara giraun ɗin ka kuma sa mai 4,700. Ka gwada su a amfilifayar kwastoman da ya fi ƙorafi, an jona kaya sosai. Abin da ya fito shi za ka saro, kuma daga yau ka riƙa sa kuɗin gyaran kayan da ake dawowa da su cikin lissafin kowace adafta kafin ka yanke mata farashi.