Ƙari ne? Juya ce? Amsa ga mai tambaya daga Zariya

Wata baiwar Allah ta rubuto: "Malam, an yi mini hoton ciki, likita ya ce ina da PCOS. Surukata ta ce ƙari ne a mahaifa, har tana kirana juya. Kalmomin nan sun dace da ni?"

Malama, ko ɗaya ba ta dace ba. PCOS gajeren sunan Turanci ne na wata lalurar sinadaran jiki da ke shafar gidan ƙwan mace. Ƙari daga "ƙara" ya fito, wato abin da ya tsiro a jiki alhali da can babu shi. Naki ba ma a mahaifa yake ba, a gidan ƙwai yake. Abin da hoton ya nuna 'yan jakunkuna ne da ƙwai ke nuna a cikinsu, kuma da su ake haihuwar kowace mace. Bisa al'ada, duk wata ɗaya takan ƙosa ta fashe ta saki ƙwai. A wannan lalura sai su cije a milimita 2 zuwa 9, su jeru a gefe kamar carbi. Ido ya gani ya ce ƙari, amma Bahaushe ya ce kama da wane ba ta wane: kamanni ba ya mayar da abu ya zama wancan.

Me ke tsayar da su? Bangon kowace jaka yana samar da androjin, wanda ake cewa sinadarin maza, ko da yake kowace mace tana da nata daidai gwargwado. Idan LH, sinadarin da ke ba gidan ƙwai umarnin sakin ƙwai, ya yi yawa, insulin mai daidaita sukarin jini ma ya hau, bangon sai ya zuba androjin fiye da kima, ƙwan ya kasa nuna. Daga nan haila ke tsallake watanni, kuraje su feso, gashi ya fito a haɓa. Masu ganin gashin su ce mata-maza, su ma sun kauce.

Juya kuwa kalma ce mai nauyi, hukunci ce kan macen ko dabbar da aka fid da rai da haihuwarta, kuma a ganina baki ya cika saurin furta ta. Tun 1935 likitoci biyu a Chicago, Stein da Leventhal, suka bayyana lalurar. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana shafar kashi 6 zuwa 13 cikin ɗari na matan da ke shekarun haihuwa. Da yawansu suna ɗaukar ciki, wasu da kansu, wasu bayan rage ƙiba, wasu da maganin sa ƙwai ya fita irin letrozole a hannun likitan mata. Sunan wannan a Hausa jinkirin haihuwa.