Amsar Baffa a kan kwikwiyon Abalak

Babana,

Saƙonka ya iso tun ranar Laraba, na bari sai yau don in ba ka amsa a tsanake. Ka ce Buzun da ke gadi a layinku zai je gida Abalak, a ƙasar Nijar, ya yi maka alkawarin kwikwiyo irin nasu mai dogayen ƙafafu, ranka kuma ya biya domin ka tashi kana jin labarin karnukan kakanka. Mai ɗakinka ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da kare ba, Hajiyarku ta goya mata baya, shi ne kake tambayata ko ba gadonmu ba ne.

Gadonmu ne, ba shakka. Kai da ka ci sunan Baba ka fi kowa cancantar ka san yadda ya zauna da su, don labarin da ya iso kunnenka rabi ne. An gaya maka yawan zomon da suka kama, ba a gaya maka wahalar da ya sha a kansu ba.

Na buɗi ido na tarar da karnuka huɗu a gidanmu. Biyu nake tunawa sosai: Duna, baƙi ƙirin, da wata karya ja mai suna Bar-su, sunan da Baba ya raɗa mata don habaici ga wani maƙwabci. Ba a sa wa kare sunan mutum. Wurin kwanansu bakin zaure ne, da rana kuma ƙarƙashin rumbu. Iyakarsu ke nan. Wanda ya yi gigin leƙa cikin gida, muciyar Inna ce za ta tarbe shi. Kaskonsu daban, ba ya haɗuwa da kwanonin gida ko a wurin wanki. Ka ga ashe ƙin da mai ɗakinka ta yi shi ma gado ne. Kakarka ta riga ta, kuma Baba bai taɓa jayayya da ita a kan haka ba.

Abincinsu ƙanzon tuwo ne a jiƙa da tsala, ko a dama dusa da ɗumi, sai ƙashi in an samu. Baba da hannunsa yake zuba musu, ko mu 'ya'yansa bai cika bari ba, domin karen farauta murya ɗaya yake bi. Shekarar da hatsi ya yi ƙaranci ma bai rage musu ba, har Inna ta yi ta mita. Amsarsa kullum ita ce ba a kiwon kare ranar farauta.

Horonsu kuwa na gani da idona a kan Bar-su. Tana 'yar wata huɗu Baba ya ɗaura busasshiyar fatar zomo a igiya, ya ba ni ya ce in ja ta cikin kara da gudu. Ta bi, ta cafke, ta fara yaga. Ya durƙusa ya riƙe ƙeyarta, bai doke ta ba, ya sa yatsa ta gefen baki ya buɗe, ya karɓe fatar, sannan ya jefa mata guntun ƙashi. Haka muka yi ta yi kowace yamma, har ranar da ta cafke ta tsaya tana kallonsa, fatar na bakinta, jela na kaɗawa. Daga nan ya fara haɗa ta da Duna zuwa daji, don babban kare ke koya wa ƙarami hanya. Ta koyi fiton da ke nufin tafi da wanda ke nufin dawo, kuma na biyun ya fi wuyar shiga. Ta koyi cewa akuya da kaza da zabon gida ba nama ba ne. Wannan kaɗai ya ci watanni.

Lokacin farauta bayan kaka ne, in an kwashe amfanin gona an saki dabbobi, har zuwa bazara. Sarkin dawa ya sa rana, a yi kiɗa, gari da gari a haɗu. Mu da ke gefen dajin Rugu da asuba muke fita, sai la'asar sakaliya mu juyo, karnuka sun yi ninkin tafiyarmu sau ba adadi, harshe a waje, ƙafa duk ƙaya. Zomo, gafiya, gada, wani sa'in barewa. In kare ya riƙe, mai shi ya ruga ya yanka da bisimilla, kayan ciki kuma rabon kare ne, a wurin ake ba shi. Rigimar da ka ji ana yi tsakanin 'yan tauri yawanci a nan take tashi, kan karen wa ya fara kamawa, kuma na ga an fasa kai saboda zomo ɗaya. Da damina babu farauta, amma ba su zauna ba, gona suke kwana suna korar birai da gyado. Shekara ta zagayo kare bai yi kwana uku a jere ba aiki ba.

Irin da Buzunka zai kawo maka ya ma fi namu buƙatar fili. Mun fara ganinsu da yawa lokacin farin 1973 da 1974, da Buzaye suka gangaro kudu dabbobinsu sun ƙare. Su suna ce masa oska, Turawa kuma suka kira shi da sunan ƙasar da ya fito, Azawak, arewa da Tawa har cikin Mali. Tsayinsa a kafaɗa santimita 60 zuwa 74 ne, nauyinsa bai cika wuce kilo 25 ba, ƙirji mai zurfi, ƙugu kamar na zanzaro. Wanda bai sani ba zai ce yunwa ce ta fito masa da haƙarƙari, alhali halittarsa ce. Da ido yake farauta. In ya hango abu ya motsa a nesa ya riga ya tafi, kiranka sai dai ya bi iska. Ga shi da ƙyuyar baƙo, ya san mutanen gidansa kaɗai. Tun shekarun 1970 Turawa suka ɗebi irin zuwa ƙasashensu, kuma su ma da suka ga ba ya zama, sai suka riƙa kai shi fili ana jan zomon ƙarya da igiya yana bi. Da na ji haka na yi dariya, na ce ashe dabarar Baba ce aka sa wa inji.

Bari in gaya maka abin da ban cika faɗa ba. A 1986 ina aiki a wata masaƙa a Kaduna, irin wannan marmarin naka ya kama ni. Na ɗauko jikan Bar-su na kai gidan haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida da muke tarayya da wasu. In fita aiki da safe in ɗaure shi a gindin gwaiba, in dawo a gajiye in ce gobe ma fita. Goben ba ta zo ba. Wata na farko ya yi ta kuka da dare har maƙwabta suka fara gaishe ni da fuska biyu. Na biyu ya haƙa rami a gindin bishiyar, ya ci igiya, na sa sarƙa, sarƙar ta cinye masa gashin wuya. Ana saura kwana shida Babbar Salla ya fizge turken gaba ɗaya. Na dawo na tarar da taro a ƙofar gida, ragon layyar maƙwabcina a kwance an yaga masa maƙogwaro, karen kuma ya koma gindin gwaibarsa yana kaɗa mini jela, wai ya yi aiki. Albashin wata guda da ɗoriya na biya. Da na mayar da shi gida na zaci Baba zai yi faɗa. Ya shafa wuyan karen inda sarƙa ta ci, ya dube ni ya ce, "Me ya yi maka?" Ban sami amsa ba.

Ta fuskar addini, tambayarka tana da amsa a fili. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo maka in ka ambaci sunan Allah. Hadisi ingantacce kuma ya ce wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. A mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare da yawunsa ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki bin umarni ne kawai, Shafi'awa kuwa najasa suka ɗauke shi. Gadin gida malamai sun yi saɓani, da yawa sun yarda in akwai buƙata ta gaske. To kai wanne ne naka? Ba ka farauta, ba ka da garke, gonarka ni nake noma maka, layinku kuma ga mai gadi. Abin da ya rage sha'awa ce, ita kuwa ba ta cikin ukun nan. Kuma in ka karɓa kada ka yi ciniki, an hana cin kuɗin kare, mu tukuicin goro muka sani.

Abu ɗaya da ba zan ce ka bi na da ba shi ne cizo. A garinmu gashin karen ake ƙonawa a shafa a ciwon, kuma na san yaron da aka yi wa haka, bayan wata biyu ya fara tsoron ruwa, bai kwana biyar ba. Haukan kare in alamarsa ta bayyana ba shi da magani. Kwikwiyo yana cika wata uku a yi masa allurar rigakafi, a riƙa sabuntawa duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana nan tun 1924, kuma tana yin allurar. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a tafi asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana dubawa. Ga kaska da ƙuma da tsutsar ciki, kowanne da kuɗinsa. Kana da yara ƙanana biyu, ka sa wannan a lissafi.

Mu kanmu nan farautar ta ja baya. Rugun da muke shiga da gora da kare yau 'yan bindiga ne a ciki, barewa kuwa na manta rabon da in ga sawunta. Amma akwai sauran fili ta gabas da gari, kuma ƙaninka na wajen Goggo har yanzu yana fita zomo da abokansa, yana kwana a gona da damina. In kunya ba za ta bar ka ka mayar wa Buzun kyautarsa ba, ka karɓa ka yi godiya, ka sa a yi masa allura a can wurinku Kano, ka kawo shi nan da katin. Zan sa a gyara masa wuri a ƙarƙashin tsohon rumbun, fatar zomo kuma ba ta yi mana wuya ba. Sunan na bar maka ka zaɓa. Duk sanda ka zo da hunturu sai ka bi su daji, mu ga ko ƙafar taka ta gado mai sunan.

Ka gaida Hajiyarku da mai ɗakinka da yaran. In za ka taho ka riƙo mini maganin ciwon gwiwar nan, wancan ya ƙare.

Baffanka