Zuwa ga ƙanwata a Agege: binciken sankara ba na likitoci kaɗai ba ne

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, ina fatan su Baba da Umma suna lafiya. Kin ce kin gama digiri a fannin halayyar ɗan'adam a Jami'ar Legas, kin yi bautar ƙasa, kuma tun da gwaggonki ta rasu da sankarar mama hankalinki ya koma kan wannan ciwo. Allah ya jiƙanta da rahama. Kina tambaya ko wanda ba likita ba yana da gurbi a binciken sankara, da kuma ko ki bari Baba ya sayar da filinsa na gida ki zo Ingila digiri na biyu.

Gurbi akwai, shi ne ma aikina a nan Landan. Likita yana fara nasa ne idan mara lafiya ya shigo ɗakinsa. Namu yana tsakanin ranar da mace ta fara jin ƙullutu a nononta da ranar da ta zauna gaban likita. Wata sati biyu take yi, wata sai ta shekara, kuma sau da yawa wannan tazarar ce ke raba wadda za ta warke da wadda ba za ta warke ba. Shi ya sa a 2019 hukumar lafiya ta Ingila, NHS, ta sa wa kanta burin cewa zuwa 2028 kashi 75 cikin 100 na masu sankara a gano tasu tun tana mataki na 1 ko na 2, wato kafin ta yi nisa.

A nan gwajin sankarar hanji kyauta ne. Ta gidan waya ake aiko wa mutum kayan gwajin har gida, ya ɗebi ɗan bayan gida ya mayar. Amma da aka duba shekarun farko na shirin, kashi 61 cikin 100 ne suka mayar a unguwannin masu hali, a unguwannin talakawa kuwa kashi 35. Ba kuɗin asibiti, ba kuɗin mota, ga giɓi nan. Marigayiya Farfesa Jane Wardle ta jami'ar UCL da ke nan Landan da abokan aikinta sun gwada dabaru huɗu a kan dubban mutane, aka wallafa sakamakon a 2016, bayan rasuwarta. Takardar bayani mai sauƙin karantawa ba ta canza komai ba, haka ma wadda aka cika da labaran waɗanda suka yi gwajin. Sa sunan asibitin unguwar mutum a wasiƙar gayyata ya ƙara yawan masu amsawa. Wadda ta ɗan rage giɓin ita ce wasiƙar tuni da aka gyara lafazinta. Da aka sauya kayan gwajin a 2019, ɗiba ɗaya maimakon a yi ta ɗiba har sau uku, sai masu mayarwa suka ƙaru sosai. A Manchesta kuma, a 2016, an ɗora na'urar hoton huhu a mota aka kai ta bakin kasuwannin unguwannin talakawa, kuma mafi yawan sankarar da aka gano tana matakin farko-farko.

Na kawo miki waɗannan ne don kin rubuta cewa burinki ki wayar wa matanmu kai. Niyyar tana da kyau, amma ina roƙonki kada ki shiga wannan fage da tunanin cewa jahilci ne kaɗai ke hana mutane zuwa asibiti. Farfesa Susan Michie da abokanta sun fitar da wani ma'auni a 2011 da muke aiki da shi kullum: kafin mutum ya aikata abu sai ya iya, sai ya sami dama, sai kuma zuciyarsa ta karkata gare shi. Sani yanki ne kawai na ɗaya daga cikin ukun.

Ɗauki matar da kika sani a layinku, mai sayar da waina a ƙofar gida. Ta ji ƙullutun tana wanka, kuma ba ya ciwo, to me zai sa ta tayar da hankalin maigida? Idan za ta je asibitin koyarwa da ke Idi-Araba sai ta nemi izini, ta rufe tanda ta yi asarar cinikin yini, ta shiga danfo cikin cunkoso, ta yanki kati, ta bi layi, sannan ta yi bayanin nononta da Turanci ko Yarbanci ga wanda watakila namiji ne. Kemis yana bakin layi, mai maganin gargajiya kuma yana jin Hausa, yana karɓar biya kaɗan-kaɗan. Tsofaffi sun gaya mata daji ba ya son allura. Tana tsoron a yanke nonon, tana tsoron abin da zai biyo baya a ɗakin aurenta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, duk matan da ta sani da suka je asibiti da wannan ciwo sun rasu, domin sun je a makare, ita kuwa abin da idonta ya gani shi ne an je asibiti an mutu. Wannan mata tana da hankalinta, lissafi take yi da abin da ke gabanta. Aikin mai bincike shi ne ya gano wanne daga cikin waɗannan shingaye ya fi nauyi, ya gwada cire shi, ya auna ko an sami canji.

Kin ga ke nan tambayoyin da muke nema a nan suna ƙofar gidanku. Cibiyar sankara da aka buɗe a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, a 2019 tana da na'urori na zamani, amma na'ura ba ta kawo mace da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a Nijeriya, kusan 8,000 suka rasu. A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar riga-kafin HPV, ƙwayar cutar da ke haddasa wannan sankara, Legas na cikin jihohin farko. Ke kin san abin da ake faɗa a kanta a gidajen suna da islamiyyu, kin san yadda raɗe-raɗin hana haihuwa suka tsayar da riga-kafin shan inna a Kano a 2003. Farfesan da ke Landan ba zai iya zama a tabarmar matan Agege su buɗe masa cikinsu ba. Ke za ki iya, kuma wannan shi ne jarinki.

Saboda haka ki fara daga nan. Ki nemi aikin taimaka wa masu bincike, ko da na tattara bayanai ne, a cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIMR, da ke Yaba ko a sashen lafiyar al'umma na kwalejin likitanci a Idi-Araba. Ki dage da ƙididdiga, ki koyi manhajar R, kyauta ce. Yawancinmu da muka fito daga fanninki nan muke da rauni, kuma nan ake tace masu nema. Ki koyi yadda ake hira ta bincike, wato ki yi tambaya ki yi shiru, ba tare da kin sa wa mutum amsa a baki ba. Kada ki ɗauki maganar kowa a na'ura sai da yardarsa da izinin kwamitin ɗa'ar bincike.

Maganar fili kuwa, a'a, kada a sayar. Kuɗin makarantar baƙi a nan yana da nauyi ƙwarai, ga haya, ga harajin lafiya na fam 776 a kowace shekara ta biza, kuma awa 20 kawai ɗalibi ke da izinin aiki a sati lokacin karatu. Tun Janairun 2024 mai digiri na biyu na aji ba ya zuwa da miji ko 'ya'ya, sai mai karatun bincike kamar digiri na uku ko wanda gwamnati ta ɗauki nauyin karatunsa. Ko bayan kin gama, aikin kwantaragi ne na shekara ɗaya zuwa uku, ya danganta da tallafin da aka samo daga irin su Cancer Research UK ko Wellcome, idan ya ƙare a sake nema. Ga sanyin hunturu, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu. Ina son aikin nan har zuciyata, amma ba zan so ki yi shi kina ɗauke da nauyin filin mahaifinki ba. Ki nemi tallafin karatu na Commonwealth, ko na Chevening wanda ke buƙatar shekara biyu ta aiki da alkawarin komawa gida na shekara biyu. Aikin da na ce ki fara a Legas shi zai cike miki wannan sharaɗi, ya kuma ba ki abin rubutawa a takardar nema.

Ki rubuto mini shafi ɗaya: tambaya guda da kike son amsawa game da matan unguwarku, su wa za ki tambaya, kuma ta yaya. Zan duba in gyara miki. Ki gaida Umma, ki kuma ce wa Baba zan kira shi ranar Juma'a bayan an sauko masallaci mu yi maganar filin.

Yayarki a Landan.