Ƙanena, kar ka taso Faransa ba ka da ɗakin kwana

Na ji saƙonka na murya, ka ce ka samu admisiyo a Liyon, kuma a fadarku ta unguwar Zariya an gaya maka maganar ɗaki ba matsala ba ce, wai wanda bai da gida gwamnati na ba shi kyauta. Maganar biza ka san yadda take tun da anka rufe ambasad ɗin Faransa a Yamai farkon 2024, wannan daban, ni zancen kwanan ne ya tada min hankali.

E akwai taimako, ba ƙarya sunka yi ba gaba ɗaya. Akwai lamba 115, kyauta ake kira dare da rana, kuma a doka ko ba ka da takardu ana iya ba ka wurin kwanan gaggawa. Amma gadajen ba su kai yawan masu nema ba, kuma mata masu yara da marasa lafiya ake fara dubawa, kai ƙato lafiyayye kana can baya. In an samar maka ma sau da yawa na dare ɗaya ne, gari na wayewa ka ɗau jakarka ka fita, gobe ka sake kira.

Ni na ɗanɗana. Wanda ya yi min alkawarin masauki ina sauka ya daina ɗaukar waya, watan Oktoba ne, sanyin da ya fi na hunturun Maraɗi nesa ba kusa ba, ga ni da ƴar riga shara-shara. Daren da na samu gado babban ɗaki ne mu da yawa, wani na tari wani na surutu cikin barci, na sa fasfo da portabul cikin wando na yi matashi da takalmana. Wallahi na tuna zauren Baba inda baƙo ke sauka ba a tambaye shi daga ina ba, har a kai mashi fura, sai hawaye.

Abin da ya cece ni wuraren yini ne, inda za ka yi wanka, ka wanke kaya, ka sha kafe ka caja waya, can wata asistant sosiyal ta nuna min yadda ake samun adireshin karɓar wasiƙa, don in babu adireshi kusan ba dosiyen da ke tafiya. Allah ya saka mata. Gidajen da ake zama wata da watanni kuwa sai an cika maka takarda ka shiga layi, kuma layin dogo ne.

To kai ɗalibi ne, hanyarka daban. Tun kana Maraɗi ka nemi ɗakin CROUS, hukumar da ke kula da ɗakunan kwanan ɗalibai, ka kuma cika Visale, kyauta ne, su ke tsaya maka garan wurin mai gida in shekarunka 18 zuwa 30. Ka riƙo kuɗin haya ko na wata ukku, ka tuna yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ka yi lissafinka da kyau. Kar ka dogara da aiki, awa 964 kawai anka yarda ɗalibi baƙo ya yi a shekara. Kuma don Allah kar ka tura ma kowa kuɗin ɗakin da ka gani a Facebook ba kontira a hannu.

Turo min takardar admisiyon ta WhatsApp mu duba tare ran Lahadi. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ina nan lafiya.