Tambaya da Amsa: Risibata na mutuwa da kanta, in sayi amfilifaya irin ta masu DJ?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, ya aiki ya iyali. Don Allah shawara nake nema. Ina da risiba ta hom tiyata mai 5.1 wadda ƙanena ya kawo min ta hannu daga Legas, na haɗa ta da manyan sifiku biyu na tsaye a gaba masu om 4, da ta tsakiya da ƙanana biyu a baya, wufa kam ban saya ba tukuna. Matsalar ita ce in muna kallon fim ko ƙwallo na ƙara murya sai ta yi zafi rau ta mutu da kanta, sai ta huce sannan ta tashi. Na je kasuwa wani mai shago ya ce ƙarfinta ne ya yi kaɗan, wai in sayi fawa amfilifaya mai wat 3000 irin ta masu DJ. Da dare kuma yawanci sola muke amfani da ita. Wacce zan saya, kuma wat nawa ya ishe ni? Na gode. Daga mai karatunku a Tumfure, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, iyali lafiya lau alhamdulillah. Toh ka riƙe kuɗinka a aljihu tukuna. Mai shagon ba wai ƙarya ya yi gaba ɗaya ba, risibar taka na wahala da gaske, amma maganin da ya rubuta maka ba na wannan ciwon ba ne.

Wannan mutuwar da take yi kare kanta take, an ƙera ta haka ne don kar ta ƙone. Om shi ne awon yadda sifika ke tare wuta, in lambar ta yi ƙasa sai ta ja wuta da yawa. Galibin risibobin gida an yi su ne don sifiku masu om 6 zuwa 8, naka kuwa om 4 ne, kuma sifika mai om 4 ninki biyu na wutar da mai om 8 ke ja take ja. Kamar ka sa ƙaton bututu ne a ƙaramin injin ban ruwa. Ga shi ba ka da wufa, wato sifikar da aka keɓe don bas, ke nan duk rugugin bas na fim a kan waɗannan manyan biyun yake sauka, bas kuwa shi ne ya fi komai cin wuta. Sai ka haɗa da zafin Gombe na Maris da Afrilu, in kuma ka cusa ta cikin kabet mai gilashi da dikoda a kanta, ai dole ta faɗi.

Don haka kafin kasuwa ga abin da za ka fara yi a gida. Ka fito da ita fili, ka bar mata sarari a sama kamar taƙi guda, kar a ɗora mata komai, a bushe mata ƙurar hunturu da ta toshe ramukan iska. Ka leƙa bayanta da bayan kowace sifika ka duba wayoyin da kyau, silin waya ɗaya tak in ya tsallaka daga ja ya taɓa baƙi ya isa ya riƙa kashe ta. Wasu risibobin kuma suna da wurin zaɓar om a cikin saitin, duba littafinta in akwai. Sannan ka nemi wufa mai amfilifayarta a ciki, wadda ake jonawa da soket, ka shiga saitin sifiku ka mayar da su Small ka sa rabon sauti a 80Hz, duk abin da ke ƙasa da haka wufar ce za ta ɗauka. Wallahi gidaje da yawa a nan matsalar ke ƙarewa, kuma sautin ma ya fi daɗi nesa ba kusa ba, don muryar mutane a fim na fitowa tas. Ni in kuɗin abu ɗaya kake da shi, wufa zan ce ka fara saya.

In ka yi duk wannan tana nan tana mutuwa, ko falon naka babba ne sosai, toh yanzu maganar fawa amfilifaya ta zo. Amma fara juya risibar ka nemi ramuka da aka rubuta PRE OUT, na Front da Center, ba na Subwoofer kaɗai ba. Fawa amfilifaya ba ta da HDMI, ba ta san Dolby ba, ba ta da rimot, aikinta ɗaya ne, ta karɓi ƙaramin sauti daga risiba ta ƙara masa ƙarfi ta miƙa wa sifika. In babu waɗannan ramukan babu ta inda za ka haɗa su yadda ya kamata, ƙananan risibobi da yawa kuma ba su da su, sai dai ka canza risibar ko ka canza sifikun zuwa masu om 8. Kar ka yarda wani ya ce zai jona maka wayar sifika da ke fitowa daga risiba kai tsaye cikin ramin shigar sauti na amfilifaya, ɓarna ce.

Sai maganar wat, inda aka fi cutar mutane. Lambar nan da ake bugawa ƙatuwa a jikin kwali, 3000W ko 5000W da PMPO a gefe, ba awo ba ce, talla ce kawai. Abin da za ka nema shi ne RMS, wato ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai, kuma kamfanin da ya san abin da yake yi zai rubuta maka cikakke, misali wat 100 kowace tasha, wato layin sifika ɗaya, a om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, da adadin tashoshin da ke aiki lokacin da aka auna. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, saboda risiba na iya ba da wat 100 in tasha ɗaya ko biyu ke aiki amma in biyar suka taso tare sai ƙarfin ya zube, tunda tiransifoma ɗaya suke sha. Akwai kuma gwaji mai sauƙi da za ka yi a tsaye a shago, duba bayan na'urar kusa da igiyar wuta inda aka rubuta wutar da take ci. Abin da ke cin wat 80 daga soket ba zai taɓa fitar da wat 3000 ba.

Kuma kunne ba ya jin wat yadda muke zato. Daga wat 50 zuwa 100 ƙarin 3dB ne kacal a ma'aunin ƙarar sauti, ɗan ƙari ne da za ka lura da shi amma ba ninki ba, kafin ka ji ƙara ta ninka sai ka ninka wat wajen sau 10. Sifika mai 88dB da wat 1 kacal take ba da wannan ƙarar a nisan mita 1, ka ga ke nan yawancin kallon da kuke yi 'yan wat kaɗan ne ke aiki, sauran ajiya ce don lokacin da bam zai tashi a fim ko a ci ƙwallo fili ya ruɗe. Ga falo irin na gidajenmu, mai ba da wat 100 zuwa 150 na gaskiya a om 8, wadda aka rubuta ƙarara tana ɗaukar om 4 kuma ƙarfinta na haurawa zuwa 150 ko 200 a nan, ta ishe ka har da saura. Wannan rubutun na om 4 shi ne abin da kai za ka fi sa wa ido. Kar kuma ka ce bari in sayi 'yar ƙarama don tausayin sifika, ƙaramar da aka matsa wa har sautinta ya fara tsagewa ita ce ke ƙona tuwita, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti.

Ba sai ka sayi mai tasha biyar ba. Mai biyu ta ɗauki manyan na gaba, ko mai uku ta haɗa da ta tsakiya, ƙananan na baya kuma risiba ta ci gaba da riƙe su, nauyi ya ragu a kanta ta daina zafi.

Irin ta masu DJ fa? Kamfanoni kamar Crown da Behringer suna yin masu ƙarfin gaske kuma da sauƙin kuɗi, ban raina su ba. Amma don filin biki da ɗakin taro aka yi su, yawancinsu da fanka a ciki, a wajen biki ba wanda zai ji ta, a falo kuwa da dare ana magana ƙasa-ƙasa a fim ita za ka riƙa ji. Wasu kuma ramukan XLR, irin na makirfo, kawai gare su kuma suna son sauti mai ƙarfi fiye da wanda risibar gida ke fitarwa ta RCA, ramukan nan masu ja da fari. Su kuma irin Ahuja da muke gani a masallatai da makarantu, don magana da lasifikar kan rufi aka yi su, ba na kallon fim ba ne sam.

Tunda ka ambaci sola, nemi wadda ake kira Class D. Tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ci zuwa ƙarfin da take miƙa wa sifika, ba ta da nauyi ba ta zafi sosai, batirinka zai kai ku dare. Class AB ta da ɗin nan mai nauyi sautinta na da kyau amma wuta mai yawa take zubarwa a zafi, ko ba a kunna komai ba tana ci. Inbatar taka kuma ta zama mai pure sine wave, in ba haka ba za ka ji zuuu a sifika. Ga wutar gari da janareto kuwa ka sa stabilaiza mai ɗan girma tsakani, kar ka yi ƙwauron wannan.

In ta hannu za ka saya, don Allah karanta bayanta kafin a jona. Wutarmu 230V ce, kayan Amurka 120V, na Japan 100V, jonawa ɗaya ba tare da tiransifomar rage wuta ba shi ke nan an yi asara. Ka sa a kunna maka ita a shagon ta yi kamar rabin awa tana aiki, a gwada kowace tasha ita kaɗai, a tsayar da waƙar ka kara kunne a sifika ka ji ko akwai gurnani, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna, ka duba kusoshin murfin ko an sha kwance su. Ku yi magana da mai shagon a gaban shaida cewa in ba ta dace da risibarka ba za ka dawo da ita.

In ka kai gida, amfilifayar ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, don kar bugun nan na “dum” ya daki sifikun. Ka riƙa sassauta murya in yara na kusa, kunnensu bai kai namu ƙwari ba, haka ma lokacin sallah da in dare ya yi saboda maƙwabta. Turo mana lambar samfurin risibar da ta sifikun yadda aka rubuta a bayansu, in sha Allahu a fitowa ta gaba sai in faɗa maka ko tana da PRE OUT ɗin.